Michael Cardew: Baturen da ya zo koyar da ginin tukwane, ya tarar da gwanaye a tsohuwar Abuja

Duk wanda ya juya takardar Naira 20 zai ga hoton wata mace a duƙe tana gina tulu. Ladi Kwali ke nan, wadda sunanta yake a kan titi a Wuse da kuma a kan babban zauren taro a tsakiyar Abuja. Ma'aikata da yawa sun sha halartar bita da ƙaddamar da rahoto a wannan zaure, amma ƙalilan ne suka san sunan mutumin da aikinsa ya zama sanadin fitar da tulunanta zuwa idon duniya. Sunansa Michael Cardew, Bature ɗan ƙasar Ingila, maginin tukwane, kuma ma'aikacin gwamnatin Nijeriya na tsawon shekara 15. Tarihinsa ya shafi mazauna wannan birni kai tsaye, domin a garin da ya fara amsa sunan Abuja ya yi aikin da aka fi saninsa da shi, kuma aikin nan shiri ne na gwamnati mai kasafi da fayil da manufa a rubuce.

An haifi Michael Ambrose Cardew ranar 26 ga Mayu 1901 a Wimbledon da ke Landan. Mahaifinsa Arthur Cardew ma'aikacin gwamnati ne, mahaifiyarsa Alexandra kuma 'yar wani babban malamin coci ce mai suna George Kitchin. Gida ne na masu ilimi, inda ake sa ran yaro zai yi karatu mai zurfi ya zama malami ko jami'i. Iyalin suna da gidan hutu a Saunton, a arewacin yankin Devon, kuma a can ne yaron ya saba cin abinci a kwanukan ƙasa da wani tsohon magini, Edwin Beer Fishley, yake yi a ƙauyen Fremington. Kayan talakawa ne masu arha, amma sun shiga ransa fiye da tangaran mai tsada da ake jerawa a gidajen Landan.

Ya shiga Kwalejin Exeter ta Jami'ar Oxford, inda ya karanta harsuna da falsafar Girkawa da Rumawa na dā. Sai dai hankalinsa yana wajen yumɓu. A lokutan hutu yakan tafi Braunton wurin William Fishley Holland, jikan wancan tsohon, yana koyon juya yumɓu a kan faifai. Sakamakon haka ya fita da digiri mai daraja ta uku a 1923. A wannan shekarar ya nufi St Ives a yankin Cornwall, inda Bernard Leach, wanda ya koyi sana'ar a Japan, ya buɗe masana'anta tare da abokinsa Shoji Hamada. Cardew ya zama ɗaya daga cikin almajiransa na farko, ya yi shekara uku a ƙarƙashinsa.

A 1926 ya tsaya da ƙafafunsa. Ya karɓi wata tsohuwar masana'antar tukwane da aka daina aiki a cikinta kusa da Winchcombe, ya nemo tsohon ma'aikacinta Elijah Comfort, ya ɗauki wani yaro Sidney Tustin, suka sake hura wutar katafaren tanderunta. Burinsa shi ne ya yi kayan amfanin yau da kullum, tulun giya da kasko da kwano da buta, a farashin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya. Kayan sun yi suna a wurin masana, kuma har yau gidajen tarihi na Ingila suna alfahari da su, amma kuɗi bai zauna a hannunsa ba. Ya auri Mariel Russell, mai zane, a 1933, suka haifi 'ya'ya maza uku: Seth da Cornelius da Ennis. A 1939 ya sayi wani tsohon masauki a Wenford Bridge cikin Cornwall don ya kafa sabuwar masana'anta, ya bar Winchcombe a hannun almajirinsa Ray Finch. Bai gama zama ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke.

Yaƙin ne ya kawo shi Afirka. A 1942 aka ba shi aikin koyar da ginin tukwane a Kwalejin Achimota da ke Gwalkwas, wato Gana ta yau. Shugabansa a wurin, H. V. Meyerowitz, masassaƙi ne mai dogon buri, wanda yake so a kafa masana'antu a Afirka ta Yamma a lokacin da jiragen ruwa suka rage kawo kaya daga Turai. Aka ɗora wa Cardew jagorancin wata babbar masana'anta a Alajo, kusa da Ankara, don ta riƙa yin tayil da kwanuka da sauran kayan ƙasa masu yawa. Bai taɓa tafiyar da ma'aikata masu yawa haka ba, kuma bai san sinadaran ƙasar wurin ba. Kaya suka riƙa fitowa daga wuta a fashe ko a karkace, asara ta taru, aka rufe wurin a 1945. A wannan shekarar Meyerowitz ya rasu.

Cardew bai koma gida ba. Ya kwashi ɗan abin da ya tara ya tafi Vume, wani ƙauye a bakin Kogin Volta wanda matansa suka shahara da gina manyan randuna. Tare da wani matashi da ya yi aiki da shi a Alajo, Clement Kofi Athey, ya gina tanderu ya shiga gwaji. Shekara uku ya yi yana fama da yumɓun da ba ya jure wuta da kuma rashin lafiya, har a 1948 jiki ya tilasta masa komawa Ingila. 'Yan kayan da suka tsira daga Vume suna cikin mafi kyawun abin da hannunsa ya taɓa yi. Darasin da ya ɗauko kuwa ya fi su daraja: wanda zai yi tangaran a ƙasar da ba a taɓa yi ba dole ya fara sanin duwatsunta da ƙasarta, ba ya dogara da abin da ya haddace a wata nahiya ba. Daga nan ya duƙufa karatun ilimin ƙasa da sinadarai yana ɗan shekara kusan hamsin.

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauke shi a matsayin jami'in kula da sana'ar tukwane a Sashen Ciniki da Masana'antu. Aikin farko da aka ba shi shi ne ya zagaya ƙasa, ya duba yumɓu da maginan da ke akwai, ya rubuto rahoto. Tunanin da ya haifi muƙamin shi ne cewa sana'ar gargajiya ta tsufa, tana bukatar gyaran Bature. Abin da ya gani a kasuwanni da ƙauyuka ya saɓa wa wannan zato. Daga ƙasar Gwari har zuwa tsaunukan da ke kewaye da Mubi, ginin tukwane tsohuwar sana'a ce mai ƙa'idojinta. A wasu al'ummomin can, kamar Higi, matan maƙera ne suka gaje ta. Magina suna gina tulu da hannu ba tare da faifai ba, su toya shi a fili da itace da ciyawa cikin ɗan lokaci. Tukunyar da ta fito daga irin wannan wuta ana ɗora ta a kan murhu ba ta fashe ba, randar kuma tana tsattsafo kaɗan-kaɗan, shi ya sa ruwan cikinta yake sanyi ko da rana ta take. Ga arha, ga kyau. Cardew ya gamsu cewa wannan sana'a ba ta bukatar gyara, kuma shisshigi a cikinta zai iya lalata ta.

Saboda haka ya ba da shawarar a yi wani abu dabam a gefenta. Ana samun sabon rukunin jama'a a birane, akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na jirgin ƙasa, waɗanda suke shan shayi, suke cin abinci a faranti a kan tebur, kuma duk kayan da suke amfani da su daga waje ake shigo da su. Shirin shi ne a horar da samari su riƙa yin kofuna da butocin shayi da faranti masu ƙyalli, da kayan cikin gida zalla, su koma garuruwansu su buɗe ƙananan masana'antu. A yaren ofis na yau, wannan shi ne rage dogaro da kayan waje da samar wa matasa aikin yi.

Sai batun wurin da za a kafa cibiyar Arewa. Hankali zai fi kwanciya da gari mai tashar jirgin ƙasa, don sauƙin jigilar kaya masu nauyi da saurin fashewa. Cardew ya zaɓi Abuja a 1951, ƙaramar masarauta a Lardin Neja wadda dogo bai bi ta cikinta ba. Garin yana da tarihi: zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau da suka baro Zariya lokacin jihadi ne suka kafa shi, kuma daga sunan Abu Ja, wanda ya gina shi wajen 1828, ya samo sunansa. Akwai yumɓu mai kyau, akwai itace, akwai ruwan Kogin Iku, ga Dutsen Zuma a kusa. Sama da duka akwai Sarki Sulaimanu Barau, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina wanda ya hau gadon sarauta a 1944, mutum mai sha'awar tarihi da sana'o'in ƙasarsa, wanda ya tara tulunan maginan Gwari a gidansa. A cikin waɗannan tuluna ne Cardew ya fara ganin aikin wata mace daga Kwali.

An buɗe Cibiyar Horar da Maginan Tukwane ta Abuja a 1952. Kusan kome a wurin da hannu aka yi shi: ɗakuna na jar ƙasa da jinka, faifan juyi da ake tunkuɗawa da ƙafa, tanderun da ake ciyarwa da itace. Irin tangaran ɗin da ake nufi yana bukatar zafin da ya kai kimanin digiri 1,250 zuwa 1,300 a ma'aunin Salshiyas, zafin da wutar fili ba ta zuwa ko kusa da shi. A irin wannan zafi yumɓu yakan haɗe ya zama kamar dutse, ruwa ba ya ratsa shi. Shafen da ke ba shi ƙyalli kuwa ana haɗa shi ne da garin dutse da toka da farar ƙasa, kuma sai an yi gwaji sau da yawa kafin a dace da haɗin da ba zai tsage ko ya zube ba. Kofi Athey ya baro Gana ya zama na hannun damansa. Ɗalibai suka zo daga sassan Arewa, da yawansu hukumomin En'e ne suka turo su. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai Tanko Ashada da Bawa Ushafa. Cardew ya koyi Hausa don ya yi magana da su ba tare da tafinta ba. An san shi da zafin rai da rashin haƙuri da aikin ganin-ido, an kuma san shi da tuɓe riga ya shiga kwaɓa yumɓu tare da yaransa, abin da ba a saba gani daga jami'in mulkin mallaka ba.

A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, mace ta farko a cikin maza. An haife ta wajen 1925, ta koyi sana'ar tun tana yarinya a wurin 'yar'uwar iyayenta, kuma kafin ta zo ta riga ta zama gwana da ake labari. Ta koyi juya faifai ta ƙware, amma babban abin da ya faru shi ne shawarar da aka yanke cewa ta ci gaba da gina tulunta da hannu kamar yadda ta gada, sai dai da yumɓun cibiyar. Takan zana masa kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi da tsuntsaye, a cike zanen da farar ƙasa, a shafe shi da ruwan ƙyalli, a gasa a tanderu. Abin da ya fito sabon abu ne da ba a taɓa gani ba a Nijeriya ko a Ingila. Wasu matan suka biyo bayanta, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto.

Wannan nasara tana da farashinta. Tulun da aka gasa haka ya yi nauyin da mace ba za ta ɗauke shi zuwa rafi ba, kuma tunda ba ya tsattsafo, ba ya sanyaya ruwa. Ya tashi daga kayan aiki ya koma kayan kallo. Ta ɓangaren kofuna da faranti ma lissafin bai fito yadda aka tsara ba. Akawun da aka yi shirin dominsa ya ci gaba da sayen kwanukan langa da farin tangaran na waje, waɗanda suka fi arha, suka fi sauƙin ɗauka, kuma a idonsa su ne alamar wayewa. Masu sayen kayan Abuja suka zama Turawan da ke aiki a ƙasar da manyan jami'ai da baƙi. Rassan da aka gwada buɗewa a Sakkwato da Kano ba su ɗore ba. Ƙananan masana'antun da aka yi mafarkin za su bazu a Arewa ba su bazu ba, domin wanda ya gama horo ba shi da jarin gina tanderu da sayen injin niƙa dutse, kuma babu kasuwar da za ta biya shi wahalarsa.

Abin da ya tsare cibiyar daga rufewa shi ne sunan da ta yi a waje. Cardew ya shirya nune-nune a wani gidan baje kolin fasaha mai suna Berkeley a Landan a 1958 da 1959 da 1962, inda aka nuna tulunan Ladi Kwali. A 1962 ita da kanta ta je Ingila ta gina tulu a gaban ɗalibai da malamai, ta kuma yi irin haka a Faransa da Jamus. Gwamnatin Jihar Arewa, wadda ta gaji cibiyar, ta same ta abin nuna wa baƙi da kuma wurin samo kyautar da za a ba manyan mutane. Shirin da aka rubuta don masana'antu ya rikiɗe ya zama abin alfaharin al'ada, kuma a haka ya tsallake zuwa bayan samun 'yancin kai a 1960.

Shi ma Cardew ya biya nasa farashin. Shekarun da ya yi a Afirka matarsa ce ta riƙe gida da aikin koyarwa, 'ya'yansa suka girma suna ganinsa a lokacin hutu kawai. Masu nazari daga baya sun yi ta muhawara a kansa. Wasu suna ganin duk kyawun niyyarsa, ɗan tsarin mulkin mallaka ne wanda ya zaɓa wa mutane irin ci gaban da yake ganin ya dace da su, har ya fi son su tsaya a aikin hannu a lokacin da shugabanninsu suke neman manyan masana'antu. Wasu kuma suna nuna cewa a zamanin da aka saba sayar da aikin Afirka ba tare da sunan mai shi ba, a Abuja kowane magini yana da hatiminsa da yake bugawa a gindin abin da ya gina. Saboda wannan hatimi ne yau ake iya ɗaukar tulu a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan a ce wannan aikin Ladi Kwali ne, wancan na Halima Audu.

Ya yi ritaya a 1965, shekara guda bayan Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar MBE, ya miƙa cibiyar ga Michael O'Brien, ya koma Wenford Bridge. A 1968 ya yi wasu watanni a arewacin Ostiraliya yana taimakawa wajen koyar da 'yan asalin ƙasar ginin tukwane. A 1969 ya wallafa littafinsa Pioneer Pottery, wanda ya tattara abin da ya koya a Vume da Abuja game da yadda ake nemo yumɓu, a gwada dutse, a gina tanderu a inda babu kantin sayen kayan aiki. Har yanzu magina a ƙasashe da dama suna amfani da shi. A 1972 ya zagaya Amurka tare da Ladi Kwali da Kofi Athey suna nuna sana'arsu a jami'o'i. Matasa daga ƙasashe daban-daban suka riƙa zuwa koyo a wurinsa, cikinsu har da Danlami Aliyu, wanda ya fara a cibiyar Abuja, daga baya ya kafa tasa masana'antar a Minna. Magdalene Odundo, 'yar asalin Kenya wadda yau take cikin manyan maginan duniya, da shawararsa ta zo Abuja a 1974 ta koyi ginin hannu a wurin matan cibiyar.

Yana raye garin da ya sani ya rasa sunansa. A Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Kwali, mahaifar Ladi, ta faɗa cikin Babban Birnin Tarayya, haka ma Ushafa, ƙauyen maginan da shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a shekarar 2000. Ita Ladi Kwali ta sami digirin girmamawa na Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, da lambar yabo ta ƙasa ta masana a 1980, da lambar OON a 1981, aka kuma sa wa cibiyar sunanta.

A 1981 aka ɗaga darajar Cardew zuwa CBE. A ƙarshen wannan shekarar mota ta kashe ɗansa Cornelius, shahararren mai tsara kiɗa, a Landan. Shi kuma ya rasu ranar 11 ga Fabrairu 1983 a Truro da ke Cornwall, yana da shekara 81. Ɗansa Seth ya ci gaba da riƙe Wenford Bridge, ya kuma fitar da tarihin rayuwar mahaifinsa da ya bari a rubuce. Ladi Kwali ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta 1984. Tun 2007 hotonta yake a bayan Naira 20, na Murtala Muhammed kuma a gabanta.

Cibiyar tana nan a Suleja, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga Sakatariyar Tarayya, kuma jaridu sun sha ba da labarin yadda ta koma baya bayan rasuwar waɗanda suka raya ta. Abin da ya riƙe ta a zamaninta mutane ne ƙalilan: sarkin da ya san darajar aikin talakawansa, jami'in da ya zagaya ya gani da idonsa kafin ya rubuta rahoto, da magina da aka bari su yi abin da suka iya, da sunansu a jikinsa. Ba a tanadi tsarin da zai maye gurbinsu ba, ba a kuma warware matsalar kasuwa da ta dami shirin tun ranar farko ba. Tulunan da aka gasa a bakin Kogin Iku yanzu ana gwanjonsu da tsada a Landan, yayin da maginan Kwali da Ushafa suke jiran mai saye a bakin hanya.